Yadda Aka Hutar da Inna

Duk lokacin da na ji wani ya gyara zama ya ce shi ai ya hutar da mahaifiyarsa, sai in kawar da kai. Na san don a sa masa albarka yake faɗa, kuma ana sa masa. Ni ce dai ba na iya cewa amin da zuciya ɗaya, saboda a gabana aka hutar da tawa uwar.

Ni ce auta a ɗakinmu. Ɗan fari namiji ne, shi muke kira Yaya, sauran da ke tsakaninmu mata ne, aure ya watsa su garuruwa. Gidanmu yana wani ƙauye a gefen Ajingi. Ni kuwa aure da aikin koyarwa a firamare suka zaunar da ni a cikin Gaya, saboda haka ni ce ta kusa. Ni ake kira idan akuya ta haihu, ni ake kira idan katanga ta faɗi.

Inna doguwa ce, ba ta da jiki, amma idan ta damƙi hannunka sai ka yini kana tuna ta. Sana'arta man gyada da ƙuli-ƙuli. Lokacin da Baba yake da rai ba ta fita, sai dai duk wanda ya kira wannan zaman da sunan zama bai taɓa shiga gidanmu ba. Ita ke jan ruwa a rijiyar tsakar gida, ita ke surfe da daka. Ta soya gyada, ta murje, ta fece ɓawon, idan an dawo da ita daga inji ta zuba a turmi ta yi ta juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, sannan ta hau matsar tunkuza da ƙarfin kafaɗa. Duk a tsakar gida, duk a rana. Bayan Baba ya rasu ta fita takaba, shekarunta kuma sun kai inda ba mai ɗaga ido don dattijuwa ta fita, sai ta fara kai kayanta kasuwar Ajingi da kanta. Ta yi gammo, ta ɗora galan ɗin mai da kwanon ƙuli, ta kama hanya a ƙasa. Masu babur su tsaya mata, ta ce su yi gaba, ita ƙafarta ba ta kawo mata ƙara ba. Da kaka kuwa ba ka samunta a gida, tana gona wajen tsinkar gyada ko roron wake.

A waɗannan shekarun ne al'adarta ta ɗauke. Ni ta gaya wa, domin ba abin da take ɓoye wa auta, har ni ce nake jin kunya wani lokaci. Da farko abin ya riƙa yi mata wasa, ya zo wannan watan ya tsallake wancan, daga baya ya tafi gaba ɗaya. Zafi yakan taso mata daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta karyo mata ko da sanyi ake, ta tuɓe ɗankwali tana fifita tana tsaki. Amma murna take. Ta ce ta huta da ramuwar azumi, ta huta da wankin tsumma, yanzu ita da maza ba bambanci. Ba wanda ya gaya mata cewa abin da ya tafi ya tafi da wani abu da ke riƙe mata ƙashi. A ƙauyenmu ba wanda ya san haka, har ni mai alli a hannu.

Sai maganar Yaya. Inna irin matan da ce wajen kunyar ɗan fari, ga shi kakarta Bafulatana ce, sai abin ya ninka. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Inna ba ta taɓa faɗar sunansa ba. Idan dole ta ambace shi sai ta ce "yaron nan", har yau da furfura ta cika masa gemu. Idan ya shigo gaishe ta, ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango, ta amsa da "lafiya" guda ɗaya, shi ke nan an gama hira. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta yi masa faɗa, ba ta tambayarsa komai. Duk abin da take so ya ji, ni take gaya wa in kai masa, ko da kuwa yana zaune a bakin ƙofa yana jinmu. Mata suna yaba mata a kan wannan, suna nuna ta ga 'ya'yansu. Ni ma ina ƙarama abin yana burge ni, ina ganin uwata ta fi ta kowa sanin ya kamata.

Yaya ya shiga harkar hatsi, ya koma Kano, Allah ya buɗa masa. Ba mugu ba ne, wannan ne ma abin haushin, da mugu ne da na tsane shi na huta. Mutum ne mai son yin alheri, amma ya fi son alherin da za a hango daga bakin titi. Ya biya wa Inna Makka. Matan da suka tafi tare suka dawo suna ba da labarin yadda ta yi ɗawafi da safa da marwa da ƙafarta, tana jan hannun waɗanda ta girma nesa ba kusa ba. Ta dawo da haƙorin Makka, ta raba dabino da zamzam, da masu sannu da zuwa suka ɗauke ƙafa ta koma kan turminta.

Wani abokin kasuwancinsa ne ya ɓata komai. Ya zo sayen gyada Ajingi, ya ga Inna da galan a ka, ya koma Kano ya yi wa Yaya tsiya a cikin mutane, wai Alhaji guda amma Hajiyarsa na tallan ƙuli. Ba a jima ba Yaya ya iso da magina. Aka rushe ɗakin Inna na ƙasa aka yi na bulo, aka shimfiɗa tayil mai sheƙi har cikin bayin da aka yi mata a ɗaki. Aka kawo kujerun kushin, da labule mai kauri, da fanka mai aiki da hasken rana. Aka ɗora tanki don kada ta ƙara taɓa guga. Aka ɗauko wata bazawara, 'yar uwarmu ta nesa, ta riƙa girki da shara. Turmi da taɓarya da kaskon suya kuwa ya sa aka raba wa maƙwabta, wai sadaka. Ranar da aka gama ya tara dangi ya ce daga yau Hajiya ta gama wahala a duniya, ko tsinke kada a sake ganin ta ɗaga, kasuwa da gona kuwa an rufe maganarsu. Dangi suka yi ta zuba masa albarka. Inna tana ƙuryar ɗaki, fuska a bango.

Da ya fita ta kamo gefen zanina ta ce in gaya masa ita lafiyarta ƙalau, a bar mata ko da kasuwar ce. Na same shi a zaure na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce kara ce irin ta iyaye, ba ta son ɗora masa nauyi. Na ce ba kara ba ce, da gaske take. Ya ce to bari ya ji daga bakinta. Ya dawo ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Hajiya, akwai abin da bai yi miki ba?"

Ya san sarai ba za ta amsa ba. Mutumin da tun zuwansa duniya ba ta taɓa haɗa magana biyu da shi ba, yau ne za ta buɗe baki ta ce kyautarsa ba ta yi ba? Ta ƙara jan mayafi. Can ta ce Allah ya yi albarka. Ya juyo ya yi min kallon yarinyar da aka kama da ƙarya. Daga ranar, duk saƙon da na kai masa sai ya ce nawa ne, ni nake sa mata magana a baki, wai so nake a ci gaba da ganin uwarmu a rana kamar marar gata.

Haka Inna ta zauna, shekara ta bi shekara. Ta yi salla ta hau kujera, a kawo koko da ƙosai, ta ja carbi, ta saurari rediyo, a kawo na rana, ta kishingiɗa. Duk zuwan Yaya da katan ɗin lemo da biskit da taliya. Ta yi ƙiba, ta yi haske saboda rana ba ta ganinta, masu zuwa gaisuwa su riƙe haɓa su ce lallai hutu ya karɓi Hajiya. Har yau ba na son jin wannan maganar. Ni da nake cuɗa mata baya na san abin da ke ƙarƙashin atamfar. Damtsen nan da ke matse tunkuza ya saki ya yi luɓus. Ta fara ƙorafin ciwon baya. Ta fara tashi da dafa gwiwa, daga baya da dafa bango. Wata rana muna tsaye ina gyara mata ɗaurin ɗankwali, sai na ga tsakiyar kanta nake kallo, ni da a da iyakata kunnenta. Zaninta ya fara jan ƙasa. Na ce Inna kin rage tsawo, ta ce tsufa ne.

Ta taɓa gwada satar aiki. Ta aro turmi a maƙwabta, turmin da nata ne a da, ta sa aka rufe ƙofar gida, ta hau daka gero. Uwa a gidanta tana daka a ɓoye kamar mai satar kaza. Bazawarar nan ta ji tsoron kada a ce ba ta aikinta, ta kai labari Kano. Yaya ya kira ni a waya, ni fa, ba ita ba, ya wanke ni tas. Da Inna ta ji, ta sa aka mayar da turmin, ta ce kada a ƙara ɓata wa yaron nan rai a kanta.

Akwai ƙawarta da suke zuwa kasuwa tare, sa'arta ce. 'Ya'yanta ba su samu ba, saboda haka ba wanda ya hutar da ita. Ranar kasuwa takan biyo ta sauke kayanta ta sha ruwa. Ita ma ta tsufa, bayanta ya ɗan ranƙwafa, ba zan yi ƙarya in ce aiki ya hana ta tsufa ba. Amma da ƙafarta take zuwa, da ƙafarta take komawa. Takan zauna a ƙasa ta shafa tayil ɗin nan ta ce wa Inna ta more ɗa. Idan ta tashi tafiya Inna ta bi ta da ido har ta shige zaure.

Faɗuwar da Inna ta yi ba ta ma kai a kira ta faɗuwa ba. Da hantsi ne, ta yi alwala za ta yi walaha, ta fito daga bayi ƙafarta da danshi, santsi ya kwashe ta, ta zauna a kan gefen ƙugunta. Jikokinta kullum suna irin wannan su tashi suna dariya. Ita ba ta tashi ba. Ina cikin aji aka kira ni, na tare mai babur. Na same ta kwance inda ta faɗi, ƙafar ta juye waje ta fi ɗayar gajarta, zufa ta jiƙa ta, ba ta kuka, salati kawai take. An riga an ɗauko mai ɗori. Dattijon ya taɓa wajen a hankali ya girgiza kai, ya ce wannan a yi asibiti da ita.

Yaya ya iso da la'asar, kuma tun kafin ya gama fitowa daga mota ya gano dalili. Baki ne. Mutane sun sa wa gidan ido tun da aka gyara shi. Har ya fara jero waɗanda yake zargi, ƙawar Inna tana ciki, wai me ya sa kullum take shafa tayil. Na dube shi, na juya na tofar da yawu.

A wani asibiti a Kano aka yi mata hoton ƙashi, aka yi aiki aka sa ƙarfe. Likitar da ta zo yi mana bayani mace ce, ba ta da yawan fara'a. Ta ɗaga hoton a fitila ta nuna mana inda ya karye, sannan ta nuna sauran ƙashin da bai karye ba, ta ce shi ya fi damunta. Ya yi shara-shara. Ta nuna ƙashin baya, inda wasu gaɓoɓi suka lotsa suka zauna a kan juna, ta ce ga inda tsawonta ya tafi. Ni abin da ya zo min a rai shi ne katakon da gara ta cinye ta ciki, ta waje lafiya lau, sai ranar da aka jingina da shi.

Ta ce ƙashi ba dutse ba ne, abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo. Muddin mace tana al'ada, jikinta yana samar da wani sinadari da ke taka wa rushewar birki. Idan al'ada ta ɗauke sinadarin ya ja baya, sai rushewa ta fi gini sauri, musamman a shekarun farko. Kowace mace sai ta bi ta nan. Abin da ke rage ɓarnar shi ne ƙashi ya riƙa jin nauyi, a yi tafiya, a ɗauki kaya daidai ƙarfi, a tsuguna a miƙe, tsoka ta riƙa jan ƙashi. Sai abinci irin su nono da ganye da ƙananan kifi, sai rana ta taɓa fata. Ƙashin da aka daina aiki da shi, jiki yakan ɗauka ba a buƙatarsa. Tsokar da ta saki kuma ba ta iya tare mutum idan santsi ya ɗebe shi.

Daga nan ta juya ta tambayi Inna yaushe al'adarta ta ɗauke, kuma wane aiki take yi a gida. A gaban ɗan fari. Inna ta ja mayafi har hanci. Na amsa ta farkon a madadinta. Ta biyun kuwa Yaya ya riga ni, har da gyara babbar riga.

"Ba ta komai, likita. Shekara da shekaru ko tsinke ba ta ɗagawa. Ko tsakar gida ba na bari ta fito a rana."

Likitar ta dube shi. Ta ce ba za ta ɗora wa zaman laifin duka ba, shekaru da gado da yanayin abinci duk suna da nasu kason, amma an zaunar da baiwar Allah nan daidai lokacin da ƙashinta ya fi buƙatar ta motsa. Na ɗauka maganar za ta shige shi. Muna fitowa baranda ya kira wani a waya, ina ji yana cewa likita ta tabbatar tsufa ne, da ma wahalar da Hajiya ta sha a baya ce take tambayarta. A cikin duk bayanin nan, abin da ya yi masa daɗi kawai ya tsinta ya sa a aljihu.

Kafin a sallame mu, wata mai gashin ƙashi ta tsayar da Inna a kan ƙafarta da wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Inna ta ciji leɓe ta taka. Matar ta ja ni gefe ta ce in buɗe kunne da kyau, watannin nan na farko su ne komai. Idan Inna ta riƙa takawa kullum, kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, tana shan magungunanta, akwai kyakkyawan zaton za ta koma tafiya ko da da sanda ne. Idan kuwa aka bar ta a zaune, 'yar tsokar da ta rage za ta tafi, gaɓar ta sandare, kuma da wuya ta sake tashi.

Allah ya sa an shiga dogon hutu. Na roƙi maigidana, na tattaro na dawo ƙauye. Yaya kuma harkokinsa suka riƙe shi a Kano, abin da na gode wa Allah a kai a fili. Na sa aka shimfiɗa tabarmi a kan tayil ɗin nan. Kullum da safe in kama Inna ta miƙe, ta dafa ƙarfen, mu fara. Da farko daga gado zuwa bakin ƙofa, shi ma sai ta yi kamar za ta suma. Daga baya muka fito tsakar gida.

'Yan dubiya suka kusa haukata ni. Mace ta shigo da kwanon fate ko ledar lemo, ta ga Inna a tsaye, ta ajiye kwanon ta hau salati, ta ce ni wace irin 'ya ce marar tausayi. Wannan ta ce karayar tsoho ba ta son motsi, waccan ta ce a shafa kitsen mesa a naɗe a bar wa Allah. Matan nan fa duk sun san Inna tun tana tsere da babur a hanyar Ajingi, amma yanzu kowacce so take ta gan ta a kwance don dubiyarta ta yi kyau. Da na gaji sai na riƙa sa sakata a ƙofar gida har sai mun gama. Aka ce na hana zumunci. Ko a jikina.

Inna kuwa ta fara dawowa. Muka kai rijiya, ta leƙa ta ce an bar ruwa ya yi gansakuka. Muka wuce rijiya muka kai gindin darbejiyar da ke ƙarshen gida. Bakinta ya buɗe, ta fara yi wa bazawarar nan faɗa a kan miya, ta ce daddawa ake sa wa ba ƙamshin daddawa ba. Idan mun gama tafiya sai in ajiye mata kujera 'yar tsugunno mai ɗan tudu a inda rana ke sauka, in ba ta faifan gyada ta yi ta ɓara. Wata safiya ta saki hannu ɗaya daga ƙarfen don ta kori kaza, ba ta ma san ta yi ba. Na juya baya na share hawaye don kada ta yi min dariya.

Ana haka Yaya ya zo da keken marasa lafiya. Sabo fil a leda, da kushin, da birki, da wajen ɗora ƙafa. 'Yan dubiya sun riga sun kai masa rahoton cewa ina gana wa Hajiya azaba. Ya sa aka ɗora ta a kai, aka gyara mata mayafi, ya tsaya a bayanta aka ɗauki hoto. Kafin magariba hoton ya zagaye wayoyin dangi, kowa yana Allah ya ba mu 'ya'ya irinka. Na maimaita masa abin da mai gashin ƙashi ta ce. Ya ce su ma'aikatan asibiti ai ba uwarsu ba ce, shi ba zai zuba ido ana jan tsohuwa a tsakar gida tana nishi ba alhali Allah ya hore masa. Ya ce in ajiye ƙarfen nan. Na ce to. Yana tafiya washegari muka ci gaba, kuma Inna ba ta ce a'a ba, ita ce ma take tashina idan na makara.

Amma na san zai dawo, hutuna kuma yana ƙarewa. Wata rana tana ɓarar gyada na zauna kusa da ita na roƙe ta. Na ce Inna, idan ya zo ki gaya masa da bakinki. Ba sai kin dube shi ba, ba sai kin kira sunansa ba, ki ce kawai kina son tafiyar. Ni ya daina jin maganata, ke kaɗai zai ji. Ta ci gaba da ɓara.

"Ban goya shi ba, ban yi masa wasa ba, ban taɓa kiran sunansa ba," in ji ta. "Abin da ya rage min in yi masa ke nan, in karɓi abin da ya ba ni."

Na ce ƙafarki fa? Ta miƙo min faifan ta ce in zubar da ɓawon. Takaici ya cika ni har wuya. Na ji haushin Yaya, na ji haushin matan da suka shekara suna yabon wannan kunyar, na ji haushin kakarmu da ke kabari, har Inna kanta na ji haushinta, Allah ya yafe min.

Ya dawo wata safiya ba sanarwa, zai wuce kasuwar Ajingi sayen hatsi. Ranar na manta ban sa sakata ba. Inna ta kai gindin darbejiya ta juyo, tana tsakiyar gida, sai muka ji sallamarsa, kafin in amsa ya shigo. Na yi saurin cewa Yaya duba da idonka, daga can ta taho da kanta. Bai dubi ƙafarta ba. Keken ya duba, yana can gefen rijiya na shanya wankina a kai. Ya je ya kwashe kayan ya zubar a kan tabarma, ya kakkaɓe kushin ɗin da hannun rigarsa. Sannan ya matso ya rusuna.

"Hajiya, ke kike son wannan wahalar, ko ita ce take tilasta miki?"

Ban taɓa roƙon Allah wani abu da gaggawa irin ta wannan lokacin ba. Ba dogon bayani nake nema ba. Ko "ni ce" ta ce ya isa. Ko ta ɗaga ƙarfen ta ƙara taku gaba, ba sai ta yi magana ba. Ina ganin yatsunta sun ƙanƙame ƙarfen. Babu bango kusa da za ta juya wa fuska, sai ta sunkuyar da kai. Da ta buɗe baki, da ni ta yi magana.

"Auta, turo min keken. Na gaji."

Ba ta gaji ba. Na san numfashinta idan ta gaji. Na ƙi motsawa, sai shi ya turo keken da kansa ya tsayar a bayanta, ta zauna ba tare da ta waiga ba. Ya ce alhamdu lillahi, gaskiya ta yi halinta. Ya ɗauki ƙarfen ya fita da shi, ina jin ƙarar rufe but ɗin mota. Ya tsaya a zaure yana gaya wa bazawarar nan cewa daga yau duk wanda ya sake tsayar da Hajiya, shi da shi ne.

Ina tsaye, sai Inna ta yafito ni. Na sunkuya na kai kunne, ina zaton za ta ce in nemo mata wani ƙarfen a ɓoye. Ta rage murya.

"Ki ce wa yaron nan ya tsaya ya karya kafin ya kama hanya."

Na faɗa masa. Ya zauna ya ci, har ya nemi ƙari. Daga baya na samo wani ƙarfen a Gaya na kai mata a adaidaita sahu, ta ce in mayar da shi, an riga an yi magana. Yanzu mutum biyu ke ɗaga ta idan za ta kewaya.